Reshen Iroko a Gidan Iya Bimpe

Shekara goma sha tara ina hawan bishiya a Ilesha, amma ban taɓa kwance injin zarto da hannuna ba sai bara. Wannan aikin Yaya Olawuyi ne, wanda muke kira Yaya Wuyi. Ɗan wan mahaifiyata ne, ya girme ni da shekara ashirin, kuma shi ya koya mini hawa tun lokacin da gatari da adda kaɗai muke da su. Da gwiwarsa ta hagu ta ƙi, sai muka raba aiki ba tare da mun zauna mun shirya ba: ni a sama da igiya a ƙugu, shi a ƙasa da injuna. Shi ke haɗa fetur da mai, shi ke ɗaura sarƙa, shi ke bin igiyoyi da tafin hannu yana neman inda suka fara cinyewa. Ni dai in zuro igiya, a ɗauro mini inji, in ja ya tashi.

Mutane na kiranmu masu sare bishiya, abin da ke ɓata wa Yaya Wuyi rai ke nan. Masu sarewa suna can daji tare da 'yan katako. Mu gyara muke yi: reshen da ya bushe, wanda ya hau kan rufi, wanda ya kusa wayar lantarki. Mu cire shi, bishiya ta ci gaba da rayuwarta.

Ana gab da faɗuwar damina Iya Bimpe ta aiko mana. Tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Legas. A bayan gidanta akwai wata tsohuwar bishiyar iroko da ta girmi unguwar kanta, wani reshenta mai kaurin ƙugun mutum biyu ya miƙo ya kwanta a saman ɗakin girki. Yaya Wuyi ya zagaya gindin sau biyu, ya ƙwanƙwasa da ƙotar adda yana saurara, ya ce uwar lafiyarta ƙalau, reshen ne ya ruɓe daga wuya. Ya ce aikin kwana ɗaya ne.

Ranar Talata da hantsi na hau. Na zauna a kan rassa, na ɗaure kaina wuri biyu, na jawo ƙaramin inji. Ja ɗaya ya tashi, ƙararsa tas, ba tari ba shaƙewa. Na ɗora shi a kan wani ƙaramin reshe don in share hanya. Inji na ruri, sarƙa na gudu, amma itace bai yanku ba. Na danna, sai hayaƙi da warin ƙuna. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take watsowa manya-manya, wadda ta dakushe kuma gari take fitarwa. Wannan ko garin kirki ba ta fitar ba. Na ɗaga na duba wurin, sai wani baƙin layi kamar an ɗora guga mai zafi.

Na koma wani reshe, haka. Na gwada wani busasshe da ko adda za ta cire, haka.

Kafin in sauko mutane sun taru a bakin katanga. Baba Fatoki, maƙwabcin Iya Bimpe, ya jingina da sandarsa yana gyaɗa kai. Ya ce shi dama ya faɗa, iroko irin wannan ba a hawanta da ƙarfe sai an nemi izinin mai ita, ko da farin zakara ne. Iya Bimpe ta ce masa ita ce mai ita, da takardar fili a akwatinta, kuma in zakara yake sha'awa ya je ya saya da kuɗinsa. Suka shiga musu irin na mutanen da suka shekara talatin suna yi. Ban yarda da zancen Baba Fatoki ba, amma kuma ban taɓa ganin inji na gudu lafiya itace ya ƙi shi ba.

Yaya Wuyi ya shimfiɗa buhu ya kwance inji a gaban kowa. Ya cire fulogi ya duba, launin ƙasa-ƙasa, daidai. Ya buɗe matatar iska ya kaɗe. Ya ja sarƙa sama ya saki ta koma wurinta da kanta, ba ta yi sako-sako ba. Ya tayar da inji ya nuna bakinsa ga wani kwali, mai ya fesu ya yi layi, alamar sarƙa na shan mai. Komai daidai. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon injin kamar baƙo.

Muka hau babur muka nufi shagon Kokumo, makanikin da ke gyara wa 'yan katako injuna a bayan tasha. Muka same shi yana cin amala da hannu mai baƙin mai. Bai ko ajiye kwanon ba, ya leƙo ya dubi injin, ya dube mu, ya ƙara duban injin, sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware.

"Manya, yau wa ya ɗaura muku sarƙa? Ai a juye take. Haƙoran sama ya kamata su fuskanci bakin inji, waɗannan kuwa mai riƙon suke kallo. Da ƙeya kuke yanka tun safe."

Na ji kunya kamar in nutse. Yaya Wuyi bai yi dariya ba. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido ya ce sau nawa zai hana ni taɓa masa kaya. Na ce ban taɓa ba. Ya ce shi da idonsa ya gan ni jiya da yamma ina tsugune a gaban akwatin kayan aiki. Ya faɗe shi a natse, ba faɗa, kamar yadda yake faɗar komai, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba tun da na yi wayo.

A hanyar gida na yi ta bin ranar Litinin daki-daki. Na kai matata kasuwa. Na tsaya wajen aski. Na biya gidansa na ɗauki hular kwanona, kuma hular a cikin akwatin take. To na tsuguna a gaban akwatin ke nan. Na taɓa injin? Ban tuna ba. Amma da na ci gaba da tunani sai na fara ganin kamar na ɗaga shi don in zaro hular. Kafin in isa gida na kusa yarda cewa ni ne.

Ranar Alhamis muka koma. Baba Fatoki na nan a bakin katanga, ya ce to mu gani. Inji ya ci itace kamar tuwo, ɓarɓashi na zubo wa mutane a ka. Na share ƙananan rassa, na fara rage babban daga ƙarshensa guntu-guntu, Yaya Wuyi na sauke su da igiya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai ya ƙare, na zura masa inji ya cika ya mayar. Ban yi minti goma ba na ji muryar injin ta canza, ta yi siriri, jikinsa ya ɗauki zafi har ta cikin safar hannu. Kafin in saki maƙunni ya tsaya cak. Na ja igiyar tayarwa ta ƙi motsi.

Kokumo ya buɗe shi, wannan karon bai yi dariya ba. Ya nuna mana fistan duk ya kakkarce kamar an bi shi da ƙusa. Ya zuba ragowar man tankin a farin kofi ya ɗaga a rana: fetur ne zalla, ba ɗigon man haɗi a ciki. Irin wannan inji ba shi da wani wurin ajiye man inji daban, abin da aka gauraya a fetur shi ke shafe cikinsa, kashi ɗaya cikin hamsin. In babu, ƙarfe ke cin ƙarfe har ya kama.

Yaya Wuyi ya ce shi ya haɗa da hannunsa ranar Laraba, ya girgiza jarkar kamar kullum. Ya ce mai sayar da fetur ne ya cuce shi. Kokumo ya ce ko fetur na ruwa ne ai launin man zai nuna. Yaya Wuyi ya ce to an canza masa jarka. Ya sake dubana.

Na rasa inda zan sa kaina. Na yi zargin mai fetur, na yi zargin masu haya a gidansa, na yi zargin kaina. Har zancen Baba Fatoki ya dawo mini, na kwana biyu ina juya shi, na kusa sayen zakaran a ɓoye. Daga baya na ce ko ganin Yaya Wuyi ne ya ragu. Mutum mai shekara sittin da biyar, jarkoki biyu iri ɗaya, ƙananan haƙoran sarƙa. Na ji sanyi a raina da na samo wannan, don abu ne mai magani. Na saya masa tabarau a kasuwa na kai masa da dabara, na ce kyauta aka ba ni. Ya sa, ya karanta mini ƙananan rubutun da ke jikin gwangwanin mai, ya cire, ya sake karantawa ba tabarau. Ya miƙo mini abina ya ce in kai wa mai bukata.

Iya Bimpe ta aiko sau biyu. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma abin da ya rage na reshen shi ne mafi nauyi, guntu mai tsawon mutum biyu daidai saman ɗakin girki. Ranar Litinin muka koma da babban inji. Kafin in hau na yi abin da ban taɓa yi ba, na duba sarƙa da kaina, na shinshina tanki na leƙa launin mai. Yaya Wuyi na tsaye yana kallona.

Shi ya tsara komai, kuma ya tsara shi da kyau. Na ratsa babbar igiya ta wata gwafa da ke sama, na ɗaure guntun da ita kusa da tsakiya. Shi kuma ya kai ɗaya bakin gindin wani mangwaro ya naɗa sau uku. Naɗin shi ke ɗaukar nauyi, mai riƙo sassautawa kawai yake yi a hankali. Ya ja, na ja, muka ga ta yi tauri. Ya ɗaga mini hannu.

Na fara yanka ta ƙasa, kashi ɗaya cikin uku, don kada reshe ya faɗi ya yage ɓawon uwar. Na dawo ta sama na shiga. Da na kai rabi na ji itacen ya fara magana, wannan ƙaramar ƙara da ke zuwa kafin ya saki. Na leƙa ƙasa don in ba shi alama.

Ba kowa a gindin mangwaro. Igiyar ta yi laƙwas tana lilo, an warware naɗin, an naɗe sauran a ƙasa tsaf kamar yadda yake yi in an tashi aiki. Yaya Wuyi na tsaye a tsakar gida hannu a baya yana kallon ginin.

Na kashe inji. Na kira shi sau biyu bai ɗago ba. Iya Bimpe ta fito daga ɗaki da kofin ruwa, ya gaishe ta da ladabi har da rusunawa, na ji shi daga sama sarai yana cewa, "Iya, don Allah gidan wa ke nan? Kamar na sani, amma ya ɓace mini."

Ta tsaya da kofi a hannu. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi igiya. Reshen ya sake yin ƙara.

Ba zan iya sauka ba, kafin in isa ƙasa ya tafi da ɗakin girki, wataƙila da igiyar da nake rataye da ita. Na ce, "Iya, ajiye kofin. Ɗauki bakin igiyar nan ki zagaya mangwaro da ita sau uku, ƙasa-ƙasa, kowane naɗi a kan ɗan'uwansa. Kada ki naɗa a hannunki ko kaɗan. In ta fi ƙarfinki ki saki ki ja baya."

Ba ta tambayi komai ba. Ta gyara ɗaurin zani ta yi yadda na ce. Baba Fatoki ya jefar da sanda ya shigo ta ƙaramar ƙofa ya kama bayanta, yana cewa ta ja da kyau, tana cewa ya rufe mata baki ya ja shi ma. Suka janye sakon har igiya ta miƙe. Na tayar da inji na ƙarasa. Guntun ya saki, ya yi lilo, ya daki gefen rufin ya lanƙwasa kwano biyu, sannan ya tsaya a iska yana juyawa. Suka sauke shi taku-taku ina faɗa musu, har ya kwanta a kan ƙasa.

Na daɗe a sama kafin in sauko. Da na iso ƙasa Yaya Wuyi ya dawo daidai. Yana tsugune yana duba yankan, ya ce na bar kututture ya yi tsawo, in koma in rage shi daf da wuyan reshe amma kada in taɓa wuyan, ta nan bishiya ke rufe ciwonta. Sannan ya ga kwanon da ya lanƙwashe, ya ga tafin hannun Iya Bimpe ya yi ja. Ya tambaye ni yaya aka yi na bar dattijuwa ta riƙe igiya yana tsaye. Na kawar da kai. Ya dubi Baba Fatoki, shi ma ya kawar da kai. Na ga fuskarsa ta canza a hankali, ya dubi hannuwansa, ya juya su.

Iya Bimpe ce ta ce kowa ya zo ya zauna, ta daka sakwara tun safe kada ta huce. Muka zauna muka ci. Da za mu tafi ta ja ni gefe ta ce haka yayarta ta fara, in kai shi asibiti, in daina neman wanda ya taɓa jarka.

Na kai shi gida na sami matarsa, Anti Sidikatu, tana tsince ganyen miya a baranda. Na jira ya shiga wanka sannan na faɗa mata. Ba ta yi mamaki ba, hannunta bai ma tsaya ba. Ta ce wata bakwai ke nan da ya fara. Ya taɓa fita sallar la'asar aka dawo da shi daga bakin kasuwa. Ya sa rediyonsa a cikin tukunya. Ya zarge ta da ɗauke masa magagari sau uku, kullum a aljihunsa ake samu. Na ce me ya hana ta gaya mini, ni da nake rataye a sama a kan amanarsa. Nan ta ajiye tiren.

"Adisa, in na gaya maka za ka raba shi da injunan nan. In ka raba shi da su me ya rage masa? Kuma kwana tara cikin goma lafiyarsa ƙalau. Ni ma ban san abin da nake gani ba."

Na yi fushi da ita kwana biyu, sannan na ga ni ma mako guda na yi ina ganin abin ina kiransa da wani suna.

Likita ya yi masa tambayoyi, ya sa shi zana agogo, ya ba shi kalmomi uku ya riƙe. Ya riƙe ɗaya. Aka ce ciwon mantuwa ne, akwai maganin da ke rage masa gudu, babu wanda ke tsayar da shi. A mota muna dawowa, da muka kusa gida ya juyo ya dube ni. Ya ce ashe sarƙar nan shi ne ya ɗaura ta a juye. Na ce ai ta wuce. Ya ce ba ta wuce ba, in zo gobe da safe da duk injunan, zai nuna mini komai tun yana nan.

Haka muka yi wata biyu ana ruwa. Ya sa ni kwance inji in haɗa har na daina ajiye ragowar ƙusa. Ya ce fetur da aka haɗa kada ya wuce wata guda a jarka, kuma in inji zai daɗe a ajiye a juye tankinsa a bar shi ya gudu har ya mutu da kansa. Ya sa na ɗaura jan ƙyalle a jarkar haɗi. Ya koya mini wasa sarƙa: magagari zagayayye daidai girman haƙori, a tura gaba kawai ba a dawowa da shi, kowane haƙori adadi ɗaya, in ba haka ba inji zai riƙa karkata a cikin itace. Ya ce a riƙa juya faifan da sarƙa ke bi duk sanda aka wasa, don ya ci daidai gefe biyu. Igiya kuwa a wanke da ruwa zalla, a shanya a inuwa, kada ta kwana kusa da fetur. Wata rana yakan faɗi abu sau huɗu. Wata rana yakan faɗi abu biyu da suka saɓa, sai in je wurin Kokumo in tambaya wanne ne.

Yanzu wani surukin Kokumo mai suna Ajibade, tsohon ɗan katako, shi ke riƙe mini igiya. Ƙarfi gare shi amma har yau yana ganin kowace bishiya kamar katako ce da ke tsaye, kullum muna faɗa a kan haka. Yaya Wuyi ba ya zuwa wurin aiki kuma. Ranar Asabar nakan kai masa sarƙoƙi, Anti Sidi ta fito masa da benci ƙarƙashin rumfa ya zauna yana wasawa. In na dawo gida nakan bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har yanzu ban sami wadda zan gyara ba. Makon da ya wuce ya kira ni da sunan mahaifina, ya tambaye ni ko an gama girbin goro a gona. Gonar an sayar da ita tun ina yaro. Na ce masa saura kaɗan, ya ce to a yi hanzari kafin ruwa ya yi yawa, ya miƙo hannu na ba shi sarƙa ta gaba.